Me Ya Sa Nas Take Yawan Tambaya? Amsoshi Ga Marasa Lafiya Da Masu Jinya A Gombe

Duk wanda ya taɓa yankar kati a Gombe, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko ƙaramin asibiti a Kumo ko Bajoga, ya san kafin ya ga likita sai ya zauna gaban nas ta yi masa tambayoyi ta auna shi. Da yawa suna ganin wannan zama ɓata lokaci ne. Mu da muke aikin jinya kuwa mun san a wannan ɗan zaman ake kama bakin zaren ciwo, tun ba a ɗebi jini ba, ba a ɗauki hoto ba. Ga tambayoyin da marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi yi mana, wasu cikin raha, wasu rai a ɓace.

Na zo da ciwon ciki, me ya haɗa nas da shekaruna da sana'ata da unguwarmu?

Ciwon ciki a jikin budurwa mai shekara 19 daban, a jikin dattijo mai shekara 70 daban, ko da wuri ɗaya suka dafa. A wajen budurwar za a fara tunanin al'ada, ko juna biyu, ko afendis. A wajen dattijon hankali zai tafi kan toshewar hanji, ko fitsarin da ya tsaya saboda kumburin da ke samun maza a wuyan mafitsara idan shekaru sun ja. Ƙodar tsoho kuma ba ta tace magani da sauri irin ta saurayi, don haka har yawan maganin da za a rubuta yana bin shekaru.

Sana'a da mazauni su ma suna magana. Yaron da ke wanka ko kamun kifi a ruwan Dadin Kowa, in ya zo da jini a ƙarshen fitsari, tsargiya za a fara nema. Manomin da ya wuni yana feshin maganin ƙwari ba takunkumi, ya zo da amai da dalalar miyau da gumi, ba taifot za a sa a gaba ba, guba ce. Mai tarin da ya daɗe yana dako cikin ƙurar Tudun Hatsi ko yana fasa dutse, dole a ji wannan. In kuwa mutum uku daga layi ɗaya suka zo da amai da gudawa rana guda a damina, maganar ta wuce ta mutum ɗaya, sai a tambayi rijiyar da suke sha.

Dattawa da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, kuma ba abin kunya ba ne. Sai mu bi ta tarihi: "Baba, lokacin da aka kashe Sardauna kana da wayo?" In ya ce a lokacin ya fara bin shanu kiwo, mun san a 1966 bai wuce shekara 10 ba. Mace kuma a tambaye ta ko an yi mata aure kafin a ba Gombe jiha a 1996.

Na riga na ce ba ni da lafiya, jikina duk ciwo yake. Me kuma ake so in ce?

Ana so ka raba ciwon gida-gida. Ga yadda hirar takan kasance:

"Baba, yaushe abin ya fara?"

"Ai ya daɗe, 'yata."

"Kafin Babbar Sallah ko bayanta?"

"Bayanta ne, muna noman farko."

"To nuna min da yatsa ɗaya inda ya fi damunka."

Sai ya ɗora yatsa a ƙasan ƙirji, daidai bakin ciki.

"Zafi yake yi, ko murɗa, ko suka?"

"Zafi, kamar an zuba barkono. Da dare ya fi, in na sha kunu sai ya lafa."

Daga "ya daɗe" da "duk jiki" an iso ga ciwon wata kaza, a wuri kaza, mai zafi, mai tashi da dare, mai lafawa da abinci. Wannan ya karkata ga gyambon ciki. Da ya ce ciwon ya fara a cibiya jiya, yau ya sauka ƙasan ciki ta dama, yana ƙaruwa in mota ta faɗa rami, afendis za a yi zargi, kuma ba a kwana da shi. Da ya ce nauyi ne a ƙirji, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi, zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ciwon da ke tasowa daga kwiɓi yana gangarowa matsematsi yakan zama tsakuwar ƙoda.

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne mara lafiyar da ya zo da sunan cutarsa a baki: "Basir ne," "Sanyi ne," "Taifot ɗina ne ya tashi." Mutum biyar za su ce basir, ɗaya yana nufin taurin bayan gida, ɗaya jini yake gani, ɗaya tsiro ne ya fito masa, ɗaya kumburin ciki, na biyar kuma raunin mazakuta yake nufi bai iya faɗa ba. Faɗi abin da kake ji da abin da idonka ya gani. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai yauƙi, faɗa, domin jini ne ke iya zuba daga sama. In kuma kana shan ƙwayar ƙarin jini ka haɗa da wannan, ita ma tana baƙanta shi.

An ce in ba ciwona maki daga 0 zuwa 10. Wannan ba wasa ba ne?

Ba wasa ba ne. Babu na'urar da ke auna raɗaɗi, sai bakin mai shi. In ka ce 8 da safe, aka ba ka magani, da azahar ka ce 3, mun san maganin ya karɓe ka. Matsalarmu a nan dauriya ce. An tashe mu a kan cewa raki abin kunya ne, musamman a gidajen Fulani, sai ka ga bawan Allah gumi na keto masa, ya dunƙule hannu, yana cewa "da sauƙi." A wajen gaisuwa "da sauƙi" ladabi ne, a gaban nas kuwa rage maka magani yake yi.

In na faɗa cewa na sha jiƙo ko haɗin kemis, ba faɗa za a yi min ba?

Wataƙila a yi, akwai masu saurin tsawa a cikinmu, kuma ba daidai ba ne, domin tsawar ce ke koya wa mutane ɓoyo. Duk da haka ka faɗa. Kusan kowa sai ya gwada wani abu a gida kafin ya zo, mun sani, ba sabon labari ba ne a wurinmu. Abin da ba mu sani ba shi ne me ka sha, nawa, yaushe.

Farasitamol ɗin da ka sha kafin ka fito yana sauke zazzaɓi, a auna ka a ga 37 alhali da asuba jikinka rau yake. Kafso ja da rawaya da aka sha kwana biyu aka bari yana iya sa gwajin noman ƙwayoyin cuta, wanda ake renon ƙwayoyin da ke cikin jini ko fitsari a ɗakin gwaji don a gane su, ya fito babu komai. Gwajin maleriya na tsinke yana iya ci gaba da nuna akwai ta har makonni bayan an sha magani an warke, don haka in ba ka ce ka gama shan magani makon jiya ba, za a sake ɗora ka a kai, ainihin ciwon yana can yana ci. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya kullum don gajiya, suna cin bangon ciki suna kuma taɓa ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suna tayar da suga da hawan jini. Wanda jikinsa ya saba da tramol, maganin raɗaɗin da ya ishi wani ba lalle ya ishe shi ba bayan tiyata, kuma in aka yanke masa kwatsam jikinsa zai rikice a gado ba a san dalili ba.

Na gargajiya ma haka. Jiƙo, sassaƙe, tsimi, hayaƙi, kayan mata, duk a ambata. Ba mu san abin da ke cikin kowace gora ba, amma in mutum ya zo idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya ragu, sanin cewa ya yi sati yana shan wani haɗi yana sauya inda za a duba. Mai jego da ta zo da kumburin ƙafa da haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, za a tambaye ta kunun kanwa da wankan jego, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa tare da waɗannan al'adu. Haka in wanzami ya yi ƙaho, ko tsaga, ko ya cire wa yaro beli.

Hanya mafi sauƙi: zuba duk kwalaye da kwalabe da ƙullin magani a leda ka taho da su. "Wata 'yar farar ƙwaya" ba ta gaya mana komai.

Me ake nufi da "akwai maganin da ba ya karɓarka?"

Ana nufin maganin da ka taɓa sha ko aka yi maka allurarsa jikinka ya yi bore: ƙuraje, kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar numfashi, ko saɓulewar fata da gyambon baki. Fenisilin da magungunan da ke da salfa, irin Septrin da Fansidar, sun yi suna a nan, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni. Za a tambaye ka abin da ya faru daki-daki, domin ba kowane rashin jin daɗi ne bore ba. Ƙaiƙayin kulorakwin da manyanmu suka sha fama da shi, ko tashin zuciya bayan shan magani da yunwa, ba su kai a haramta maka maganin har abada ba. In an tabbatar, ana rubutawa a bangon fayil da jan biro. Kai ma ka haddace sunan.

Ni budurwa ce, an tambaye ni yaushe na ga al'adata ta ƙarshe a gaban mahaifiyata. Wannan ba cin fuska ba ne?

Tambayar ba zargi ba ce, duk macen da ke shekarun haihuwa ana yi mata, da mai aure da bazawara da budurwa. Inda aka yi kuskure shi ne yin ta a gaban wani. Kina da damar cewa, "Sista, ina so mu yi magana mu biyu," kuma nas ɗin da ta san aikinta da kanta za ta ce, "Mama, ɗan ba mu wuri kaɗan."

Dalilin tambayar yana da nauyi. Akwai magungunan da ke cutar da ɗan tayi, kamar wasu na hawan jini irin lisinopril, da tetracycline, kuma ba a son ɗaukar hoton ƙashi a kan ciki in ba dole ba. Wanda ya fi tsoratar da mu shi ne cikin da ya zauna a waje, ba a cikin mahaifa ba. Mace ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, ta zo da ciwon mara ta gefe guda, da ɗan ɗigon jini, da jiri. In ya fashe jini ne ke zuba a ciki ba a gani, kuma awanni kaɗan sun isa. In ta ce al'adarta lafiya lau don kunya, za a iya sallamarta da maganin ciwon mara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A wajen awon ciki kuma, da ranar farko ta al'adar ƙarshe ake lissafin haihuwa: a ƙara kwana 7, a ƙara wata 9. Wadda ta fara gani ranar 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Oktoba, mako 40 ke nan. In da watan Musulunci kike riƙewa, faɗi hakan, "kwana biyar da shiga Azumi," za mu duba kalanda.

Sai ƙirgen haihuwa. Mata da yawa ba sa son ƙirga 'ya'ya, wasu suna tsallake ɗan fari saboda kunya, kusan kowa kuma tana barin ɓari da waɗanda suka koma. Mu kuwa duk cikin da aka taɓa ɗauka muke tambaya, da wanda ya zo da rai da wanda bai zo ba. Wadda ta haihu sau biyar ko fiye ta fi fuskantar zubar jini bayan haihuwa. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko ta taɓa jijjiga, ko mabiyiya ta taɓa maƙale mata, ba a bari ta yi naƙuda a gida.

Ciwon iyayena ya shafe ni da me?

Hawan jini, ciwon suga, asma da sikila suna bin jini. Tarin fuka ba ya bin jini amma yana bin ɗaki, shi ya sa duk mai tarin da ya kai mako 2 ake tambayarsa ko akwai mai irinsa a gida. In mahaifinka shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa yana da shekara 50, ba za mu ɗauki ɗan hawan awonka da wasa ba.

Waɗannan lambobi da ake rubutawa bayan an auna ni, me suke nufi?

Zafin jikin mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5, daga 38 zazzaɓi ne. Bugun zuciyar babba a zaune 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20. Ɗan abin da ake maƙala maka a yatsa yana auna iskar oksijin a jini, ana son 95 zuwa sama. Jan farce, baƙin lalle da sanyin hannu suna iya rikita shi, sai a sauya yatsa.

Awon jini lamba biyu ne. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai, 140 bisa 90 zuwa sama kuma hawan jini ne in ya maimaitu a ranaku daban-daban. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Wanda ya sauko daga Keke Napep ya haura bene da sauri, goro a baki, fitsari ya matse shi, dole awonsa ya hau. Ƙa'ida ita ce ka zauna minti 5, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba ka magana. A naɗe hannun riga ko a cire, kada a ɗaura a kan babbar riga. In damtsenka kauri ne aka sa ƙaramin maɗauri, lambar za ta fi gaskiya yawa. Ga mai ciki da ya wuce mako 20 kuwa, 140 bisa 90 ba a jira da shi, nan take ake duba fitsari, a tambaye ta ciwon kai da dishi-dishin ido, domin hanyar jijjiga ke nan.

Wani sirrin aiki: in nas ta gama ƙirga bugun jini amma ba ta saki wuyan hannunka ba, idonta a kan ƙirjinka, numfashinka take ƙirgawa. In ta gaya maka, za ka sauya yadda kake shaƙa ba da niyya ba.

Lamba guda ba ta kai jerin lambobi daraja ba. Shi ya sa ake tashin wanda aka ba gado da tsakar dare. Bugun zuciya 88, bayan awa huɗu 104, sannan 120, awon jini kuma yana sauka, wannan jini ne ke zuba a wani wuri ko cuta ta shiga jini, ko da mara lafiyar yana hira da 'yan dubiya.

Me take nema a idona da tafin hannuna, har da danna min ƙafa?

In ta ja fatar idonka ta ƙasa, launin ciki take dubawa: ja ne ko ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini. Farin idon kuma in ya yi rawaya, shawara ce. Tafin hannu da farce su ma suna nunawa, sai dai lalle yakan rufe su, sai a koma harshe. In ta danna babban yatsa a ƙaurinka ta ɗaga, rami ya zauna, ruwa ne ya taru, a binciki zuciya ko ƙoda ko hanta. In ta tsunkuli fatar ciki ta saki ba ta koma da wuri ba, ruwan jiki ya ƙare. In cikinka za a duba, ana fara dubawa da ido, a saurara da abin kunne, sannan a ƙwanƙwasa a lallatsa, don latsawa tana sauya kukan hanji. Kana da damar neman a ja labule, mace kuma ta nemi mace ta duba ta, ko aƙalla wata ta tsaya a wurin.

Nas ta tambaye ni, likita ya maimaita, ɗalibai ma sun zo sun maimaita. Ba sa karanta fayil ne?

Suna karantawa. Likita sunan cutar yake nema da maganinta. Nas tana neman yadda ciwon ya taɓa rayuwarka: kana iya cin abinci, kana barci, kana kai kanka banɗaki, wa zai kwana da kai, akwai kuɗin sayen maganin ko sai an nemi mai sauƙi. Tsohuwar da ba ta iya juyawa da kanta, in ba a gane ba tun ranar farko a riƙa juya ta duk awa 2, gyambon kwanciya zai fito mata a ƙugu. Sannan sau da yawa a tambaya ta uku ne mutum ke tuna an taɓa yi masa ƙarin jini. A asibitin koyarwa ɗalibai dole ne, a nan suke koyo, amma in ka gaji kana iya cewa su dawo anjima.

Jaririna ba ya magana, ni ce bakinsa. Me zan lura da shi kafin in zo?

Yana kama nono? Sau nawa ya yi gudawa tun safe, da jini ko babu? Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe? Abu huɗu ba a jira da su ko da tsakar dare ne: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi taune-taune, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Jaririn da bai kai wata 2 ba, zazzaɓi kaɗai ya isa a taho.

Za ki ga an ɗaga rigarsa ana kallon agogo. Ɗan ƙasa da wata 2 in numfashinsa ya kai 60 a minti, ɗan wata 2 zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ya yi sauri, ana zargin nimoniya, balle in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. Ɗan tef mai launi uku da ake naɗa wa a damtse na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ana ɗora shi a sikeli domin maganin yara da nauyi ake lissafa shi. Ki taho da katin rigakafi: yaron da bai samu allurar ƙyanda ta wata 9 ba, in ya zo da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, an san inda za a fara. Wadda ke wuni da yaron ita ya kamata ta zo, ba baban da ya dawo daga kasuwa da magariba ba.

Zazzaɓi kawai nake yi, sai ga tambayar ɓera da tafiye-tafiye da zuwa jana'iza. Me ya kawo wannan?

Zazzaɓin Lassa. An fara gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ya kama. Maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da suka fi samunsa, tare da Ondo da Edo, ya fi yawa da rani. Farkonsa bai da bambanci da maleriya ko taifot: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Zubar jini sai daga baya, kuma ba kowa ke yi ba. Abin da ke tona shi labari ne: an sha maganin maleriya da na taifot bai sauka ba, akwai ɓeraye a rumbu ko ana shanya abinci a ƙasa, an yi jinyar wani mai irin ciwon ko an wanke gawarsa cikin kwana 21 da suka wuce. Maganinsa ya fi aiki in an fara da wuri. Wanda ya ɓoye don tsoron a keɓe shi ya jinkirta wa kansa magani, ya kuma jefa matarsa da nas ɗin da ta ɗebi jininsa cikin haɗari.

Maciji ya sari ƙanena a gona, muna cikin tashin hankali ana ta tambayar ƙarfe nawa. Ba allura ya kamata a fara yi ba?

A Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, yawancin saran na kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, kuma ya fi yawa lokacin shuka da girbi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai iya shigowa da ƙafarsa yana magana, alhali dasashinsa ya fara tsattsafo da jini. Ana ɗibar jininsa kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, a sa maganin dafi. Ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, maganin kuma yana da tsada, yana iya tayar da bore, shi ya sa ba a yin sa da ka.

Lokacin saran yana nuna ko kumburin da ake gani na awa ɗaya ne ko na kwana biyu. A faɗi kamannin macijin, amma kada a koma nemansa. A faɗi gaskiyar abin da aka yi a gida: an ɗaure da igiya, an tsaga, an tsotse, an ɗora baƙin dutse, an ba shi jiƙo ya yi amai. Tsagar da aka yi wa wanda jininsa ba ya daskarewa ita kanta ƙofar zubar jini ce, ɗauri mai tsanani kuma yana iya kashe ƙafar.

Kakata ba ta jin Hausa sosai. Zan iya amsa mata?

Fassara za ka yi, ba amsawa ba. Jihar nan akwai Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Tula, Bolanci da sauransu, tafinta kullum muna bukatarsa. Amma in nas ta yi tambaya, juya ka tambayi Kaka, ka dawo da abin da ta ce yadda ta faɗe shi, ko da kana ganin ba shi da ma'ana. In maganar ta shafi fitsari ko gaba, ba za ta faɗa ta bakin jikanta namiji ba, a nemo mace. Haka maigidan da ke amsa wa matarsa kowace tambaya tana zaune kanta a sunkuye: Alhaji, ciwon a jikinta yake.

Abin da na faɗa zai tsaya a nan?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko in iyaye ko mai kula da yaro ko wanda ba ya iya ba da izini da kansa suka nema, ko in ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Ma'aikatan da ke kula da kai za su gani a fayil. Cututtuka masu yaɗuwa irin Lassa, kwalara da sanƙarau ana kai rahotonsu ga jami'an sa ido kan cututtuka. Ban da wannan, ko surukarka ko mai gidan da kake wa aiki ba su da haƙƙin a gaya musu. Nas ɗin da ta kai maganarka unguwa ta karya doka, kana iya kai ƙara ga shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, mai ba da lasisi, tana da ikon hukunta ta.

Tun asuba nake layi, aka shigar da wanda ya zo bayana. Sanayya ce?

Wani lokaci sanayya ce, ba za a musa ba. Amma aikin nas ɗin bakin ƙofa shi ne ta tsamo wanda ba zai iya jira ba: mai haki, mai zubar jini, wanda ya suma, yaro mai taune-taune, mai ciwon ƙirji, wanda bakinsa ya karkace yanzun nan. Irin waɗannan ba a tsayawa dogon tarihi, tambayoyi kaɗan ne ana aiki ana yi: me ya faru, ƙarfe nawa, wane magani yake sha, wanne ne ba ya karɓarsa, yaushe ya ci abinci. Ta ƙarshen saboda tiyata ce, domin in aka sa mutum barci da abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe, shi ya sa ake son awa 6 ba ci in akwai halin jira. Dokar 2014 ɗin nan ta kuma hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. In kana layi ka ji jikinka ya sauya, kada ka yi shiru, tashi ka faɗa.

Bayan an gama na tuna wani abu, wani kuma da gangan na ɓoye. Zan iya gyarawa?

Ƙwarai. Kira nas ɗin da ke bakin aiki, ko ba ita ta yi maka tambayoyin farko ba, ka ce akwai abin da za ka ƙara. Za ta rubuta da kwanan wata da lokaci, ta sanar da likita in abin ya shafi magani, ta kuma faɗa wa masu karɓar aiki a canjin safe ko na yamma ko na dare. In maganar juna biyu ce, ko maganin da ba ya karɓarka, ko wani abu da ka ci ko ka sha alhali an sa ka a layin tiyata, kada ka bari sai likitoci sun zo zagayen safe, a faɗa kafin allura ta gaba.